Fitilar Jirgi a Tafkin Kainji: Girman Batir Ba Shi Ke Kai Ta Asuba Ba

Tun shekarar 1968 da aka gama gina madatsar ruwa ta Kainji, Kogin Kwara ya taru ya zama makeken tafki mai faɗin murabba'in kilomita wajen 1,270, wanda ya miƙe daga kusa da Sabuwar Busa a Jihar Neja har ya zo Yelwan Yawuri a Jihar Kebbi. Injinan da aka girka a gindin madatsar an tsara su ne su ba da wutar lantarki megawat 760, wadda manyan wayoyi ke ɗauka zuwa birane masu nisa. Amma kuma da zarar rana ta faɗi, saman wannan ruwa da ke juya injinan yakan koma baƙi ƙirin, ba a ganin kome sai ɗan walƙiyar tocila nan da can. A cikin wannan duhu ne masunci na gaɓar Wara ko ta Yawuri, ko can sama wajen Shanga, yake ɗaure kwalekwalensa a jikin wani tsohon kututture yana jiran taru, kuma a cikinsa ne jirgin inji mai ɗauke da buhunan shinkafa ko albasa yake yin sammako don ya riski kasuwa. Na tsaye ba shi da halin kaucewa, mai gudu kuwa ba ya ganin abin da ke gabansa.

A 'yan shekarun nan fitilu masu aiki da hasken rana, waɗanda jama'a ke kira fitilun sola, sun cika kasuwanni, sun kuma yi arahar da talaka zai iya saye. Ba abin mamaki ba ne a ga an ɗaure ɗaya a jikin gora an kafa a cikin jirgi. Sai dai kukan da akan yi da su guda ne: fitila ta kama tar da magariba, ta dusashe bayan tsakar dare, ta mutu kafin kiran sallar farko, watau daidai lokacin da jiragen kasuwa ke tashi. Maganin da yawanci akan nufa shi ne a je wurin mai kayan wuta a sayo batir mai babbar lamba a jiki, a canza. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne cewa wannan magani sau da yawa asarar kuɗi ne, wani lokaci ma haɗari ne, kuma cewa zaɓen batir shi ne mataki na ƙarshe a cikin lissafin, ba na farko ba.

Abin da ake nema ga fitilar

Ƙasashen duniya sun daɗe da daidaitawa a kan fitilar jirgin da ke tsaye. Ƙa'idojin hana karo a teku da aka amince da su a shekarar 1972 sun ce jirgin da ya jefa anga, in tsawonsa bai kai mita 50 ba, ya nuna farar fitila guda wadda za a gani ta kowace fuska, daga nisan mil 2 na teku, watau kimanin kilomita 3.7. Ko ɗan jirgin da ake tuƙawa da filafili an ce ya riƙe tocila ko fitila mai farin haske a kusa, ya ɗaga ta a kan lokaci. An yi ƙa'idojin ne domin teku, ruwayen cikin gida kuwa suna hannun Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, watau NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja. Duk da haka hikimar da ke ciki ba ta san ruwan gishiri ko na daɗi ba. Jirgin inji mai gudun kilomita 20 a awa yana cin mita 100 cikin daƙiƙa 18 kacal. In direbansa ya hango fitila daga kilomita guda, yana da minti uku na karkata akala. In sai da ya matso mita 50 ya ga inuwar kwalekwale, abin da ya rage masa bai kai daƙiƙa goma ba.

Abin sha'awa shi ne hasken da ake bukata ba shi da yawa. A daren da sararin sama ya washe, hasken da ya yi daidai da na kyandir huɗu da 'yar ɗoriya ya isa a gan shi daga mil biyun nan. Ƙwan LED mai kyau da ke shan wat 1 ya fi ƙarfin haka. Irin wannan ƙwai bai samu ba sai bayan da masana uku 'yan Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, suka gano hanyar yin shuɗin LED a farkon shekarun 1990, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014, domin daga shuɗin ne ake samo farin. Sharaɗin dai shi ne a ɗaga fitilar sama, kamar mita biyu a kan gora, yadda mutum ko tulin kaya ba zai kare ta ba, kuma ta zama fara mai tsayayyen haske. Fitilun nan masu ƙyaftawa ja da shuɗi da ake sayarwa don ado ba su dace ba. A harkar ruwa ja alama ce ta gefen hagu na jirgi mai tafiya, kore kuwa ta gefen dama, kuma wanda ya san ƙa'ida zai iya ruɗewa.

Randa da guga

Batir randa ce, farantin sola kuwa shi ne mai jan ruwa da guga. Matar da ɗanta ke kawo mata guga uku a yini, in ta sayar da ƙaramar randarta ta sayo wadda ke cin guga ashirin, ruwan gidanta bai ƙaru ko da moɗa guda ba. Duk matsalar fitilun nan a cikin wannan misali take, amma ya kamata ɗalibi ya gan ta da alƙaluma.

Lambar da ake rubutawa a jikin batir tare da haruffan mAh tana faɗin yawan wutar da zai iya riƙewa. Batir mai 2,000 mAh zai iya ba da miliamfiya 2,000 na awa guda, ko miliamfiya 200 na awa goma. A ɗauki ƙaramar fitilar sola irin wadda asali aka yi don haska hanyar lambu, mai batir guda ɗan siriri da faranti kamar tafin hannun yaro. A ce farantin yana ba da miliamfiya 60 in rana ta take. Ko da yake yini awa goma sha biyu ne, ranar safiya da ta la'asar ba su da ƙarfi, saboda haka masana sukan ƙiyasta yinin arewacin Nijeriya da awa 5 zuwa 6 na cikakkiyar rana. Sittin sau biyar, 300 mAh ke nan. Ba duk abin da aka zuba wa batirin nikel yake mayarwa ba, wani kaso yana tafiya a zafi, don haka a ce 230 ne suka zauna. In fitilar tana jan miliamfiya 40, za ta yi awa shida ba kaɗan. Wadda ta kama da ƙarfe shida da rabi na yamma, sha biyu da kwata na dare ta mutu. A cire batir mai 600 mAh da ta zo da shi a sa mai 2,500, gobe ma sha biyu da kwata za ta mutu, domin guga uku ɗin nan dai su ne. Iyakar bambancin shi ne sabon batirin zai yi 'yan kwanaki yana burge mai shi da cajin da ya zo da shi daga kanti, daga nan ya zauna kullum a ƙasan randa, kuma batirin da ke kwana a ƙwanƙwashe kullum ba ya daɗewa.

Ba a ce babban batir ba shi da amfani sam ba. Yana da shi in farantin yana samar da rara, domin sai ya tara ta ranar da aka yi rana ya biya ta ranar hadari. Yana da shi kuma in ana cire shi ana cika shi a gari. Amma in babu ɗayan biyun nan, kuɗin da aka ƙara an zuba su a ruwa.

Lissafin gaskiya daga dare yake farawa. Yawuri tana kusa da digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka darenta ba ya nisa da awa 12 rani da damina. Fitila mai wat 1 sau awa 12, wat-awa 12 ke nan kowane dare. A nan ya kamata a lura cewa lambar mAh ita kaɗai ba ta isa kwatanta batura iri dabam-dabam ba, sai an ninka ta da ƙarfin turin wutar, watau bolt, a raba da dubu. Batirin nikel mai bolt 1.2 da 2,000 mAh yana riƙe wat-awa 2.4, na litiyam mai bolt 3.7 da lamba iri ɗaya kuwa yana riƙe 7.4. Ke nan dare guda na fitilar kirki zai lashe baturan nikel guda biyar ƙaf. Tunda a watan Agusta akan wuni biyu hadari bai ɗaga ba, sai a tanadi na dare biyu, wat-awa 24, a ƙara kaɗan don kada a riƙa tatse batirin har ƙarshe, a ce 30. Sa'an nan a koma ga faranti. A ɗauki mugun yini mai awa 4 kawai na cikakkiyar rana, a kuma ɗauka cewa kashi 30 cikin ɗari zai salwanta ta hanyar ƙura da zafi da waya. Kowane wat na faranti zai ba da wat-awa 2.8, don haka ana bukatar wat huɗu da ɗoriya kafin a mayar da abin da dare guda ya ci. Faranti mai wat 5 shi ne mafi ƙanƙanta, mai wat 10 kuwa shi ne zai sake cika randar bayan ta yi ƙasa. Duk fitilar da farantinta bai wuce tafin hannu ba, ta fi duhu, amma kada a kira ta fitilar tsaron rai.

Wane batir?

Mafi tsufa a cikin masu karɓar caji shi ne na dalma da ruwan asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, kuma shi ne har gobe ke tayar da mota da babur. Yana da araha, kowane ƙauye akwai wanda ya san shi. Ƙaramin mai bolt 12 da amfiya-awa 7 yana riƙe wat-awa 84, amma rabin wannan kawai ya kamata a taɓa. In ana tatse shi, ko aka bar shi kwanaki babu caji, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantan dalmar da ke ciki, ya ƙi narkewa, batirin ya mutu da ƙuruciyarsa. Na babur musamman an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙu kaɗan, ba don jan dare ba. Ga nauyi, ga ruwan asid a cikin jirgin da ke tangaɗi. In dole sai shi, a nemi rufaffen nan da ba a zuba masa ruwa.

Na biyu shi ne na nikel da kadmiyam, mai alamar NiCd, wanda Waldemar Jungner na ƙasar Suwidin ya yi a 1899. Shi ne ake yawan samu a cikin fitilun sola masu araha, kuma gaskiya yana da jimiri: yana jure zafi, yana jure a bar shi a kan ɗan caji bayan ya cika, yana jure tatsa. Masu son sa ba su yi ƙarya ba. Illarsa ita ce kadmiyam, ƙarfe mai guba da ke taruwa a ƙoda yana raunana ƙashi. A shekarar 1968, shekarar da aka gama Kainji, gwamnatin Japan ta amince cewa wata cuta mai raɗaɗin ƙashi da ta addabi manoman gaɓar kogin Jinzu a lardin Toyama daga kadmiyam take, wanda wata ma'adina ke zubarwa a kogin, ruwan ya shiga gonakin shinkafa, shinkafar ta shiga cikin mutane. Tarayyar Turai ta taƙaita sayar da irin wannan batir tun daga dokarta ta 2006. Ba za a ce batir guda zai gurɓata tafki mai girman Kainji ba, wannan zuguguwa ce. Amma mataccen batir ba tsakiyar tafki ake kai shi ba, a bakin mashigi ake jefar da shi, inda ruwa bai da zurfi, inda mata ke wanki yara ke iyo, inda kuma ake dasa shinkafa in ruwa ya janye. Jama'ar da abincinta kifi ne da shinkafar fadama ba ta da dalilin tara kadmiyam a bakin ruwanta alhali akwai madadi.

Madadin shi ne NiMH, wanda ya shigo kasuwa wajen 1990. Bolt ɗinsa 1.2 ne kamar na NiCd, girmansu ɗaya, don haka yana shiga gurbinsa kai tsaye, kuma babu kadmiyam a cikinsa. Tsohon samfurinsa yana da halin randa mai tsaga: ko ba a yi amfani da shi ba yakan zubar da kashi 20 ko fiye na cajinsa cikin wata guda, a ƙasa mai zafi ma abin ya fi haka. A 2005 kamfanin Sanyo ya fito da samfurin da ke riƙe caji na watanni da yawa, mai suna Eneloop, wasu kamfanoni suka biyo baya. Yawanci lambar irin waɗannan ba ta cika wuce 2,000 mAh ba, sai mai saye ya raina su ya ɗauki mai 2,700. Ga ƙaramar fitilar da ke cika tana ƙarewa kowace rana ta Allah, mai ƙaramar lambar shi ya fi daɗewa.

Sai dangin litiyam, inda alheri da haɗari suka fi yawa. Kamfanin Sony ne ya fara sayar da batirin litiyam mai karɓar caji a 1991, kuma Goodenough da Whittingham da Yoshino sun sami kyautar Nobel a 2019 saboda shi. Shi ne a cikin wayar hannu, shi ne kuma mulmulallen nan da ake kira 18650, sunan da ke nufin kaurin milimita 18 da tsawon milimita 65. Bolt ɗinsa 3.7 ne, yana cika a 4.2, kuma ba ya yafe kuskure. In aka zarce masa caji, ko aka huda shi, ko wayoyinsa biyu suka haɗu, yana iya kama wuta mai wuyar kashewa, a cikin jirgin katako da ke ɗauke da jarkar fetur. A nan ne kuma ƙarya ta fi kasuwa. Manyan kamfanonin duniya ba su iya cusa fiye da wajen 3,500 mAh a cikin 18650 ba, amma ga shi nan ana baza masu rubutun 9,900 mAh a kan tebur. Na gaskiya nauyinsa gram 45 zuwa 50 ne, na jabu sau da yawa bai kai haka ba ko kusa. Araha ba ta ado.

Ɗan'uwansa da ya fi dacewa da jirgi shi ne na litiyam da ƙarfe da fosfet, mai alamar LiFePO4, wanda ya fito daga binciken Goodenough da abokan aikinsa a Jami'ar Texas wajen 1997. Bolt ɗinsa 3.2 ne, yana cika a 3.6. Wutar da yake riƙewa ba ta kai ta ɗan'uwansa ba in girmansu ɗaya, amma yana iya cika ya ƙare sau 2,000 ko fiye, watau sama da shekara biyar in kowane dare sau ɗaya ne, yana jure zafi, kuma da wuya ƙwarai ya kama wuta. Mai kauri irin na 6,000 mAh yana riƙe wat-awa 19, guda biyu sun biya bukatar wat-awa 30 da aka lissafa a baya har da saura. Ga wanda zai haɗa fitilar jirgi ta gaske, wannan shi ne zaɓi, tare da ɗan allon kariya da na'urar daidaita caji da aka yi dominsa.

Akwai tarko guda da ya kamata kowane malamin kimiyya ya nuna wa ɗalibansa. Ana yin baturan litiyam masu girma daidai da na rediyo ɗan siriri, suna shiga rami ɗaya, ido ba ya bambanta su. Wanda ya sa mai bolt 3.7 a fitilar da aka yi wa mai bolt 1.2, ko ya ƙone mata ciki, ko kuma batirin ya ƙi karɓar caji har abada, domin ƙaramin farantinta bai fi bolt 2 yake bayarwa ba. Haka nan cajar da ke kaiwa 4.2 tana lalata mai fosfet. Kafin a duba lambar mAh, a duba bolt da sunan sinadari, su zama iri ɗaya da na wanda aka cire.

Zafi da ƙura da inuwa

A watannin Maris da Afrilu zafin Yawuri yakan kai digiri 40 a inuwa. Baƙin akwatin roba da aka manna a bayan faranti aka shanya a rana yana wuce haka nesa, alhali masu ƙera baturan litiyam suna gargaɗin kada a yi musu caji in zafinsu ya haura digiri 45, na dalma kuwa rayuwarsa tana raguwa da rabi a duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25. Wannan shi ne babban aibin fitilar da aka haɗa faranti da batir da ƙwai a gida guda: abin da ke son rana da abin da ke gudunta an ɗaure su wuri ɗaya. Gyaran ba shi da wuya. Faranti ya zauna a sarari, batir ya koma ƙarƙashin mazauni cikin rufaffen mazubi, waya ta haɗa su. A shafa wa bakunan wayar man basilin saboda danshi. Mazubin kuma a yi masa ɗan ƙaramin huji ta ƙasa, domin gumin da ke taruwa ciki in dare ya yi sanyi ya sami mafita.

Lokacin hunturu matsala biyu ke haɗuwa. Hazo yana rage nisan da ake hango fitila, ƙurarsa kuma tana kwanciya a kan faranti tana rage cajin, ga shi a watannin ne dare ya fi tsawo, kuma a lokacin ne ruwan da ya taso tun daga tsaunukan Gini, wanda ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, yake isowa ya riƙe tafkin a cike ya ɓoye kututturan. Tsumma mai laima kowace safiya ya wadatar. Inuwa kuwa ta fi ƙura ɓarna. Ƙananan gidajen da ke cikin faranti a jere suke kamar 'yan layin miƙa bulo, in aka rufe guda duk layin ya tsaya. Taru da aka shanya ya rufe kusurwa guda, ko inuwar gorar fitilar kanta, na iya cinye mafi yawan cajin yini.

Kada a haɗa tsohon batir da sabo a jere guda, domin raunanan zai riga ƙarewa, sauran su tura masa wuta ta baya su kashe shi. Kada kuma a yi wa busasshen batirin tocila caji, ba a yi shi don haka ba, yana iya fashewa ko ya zubo ruwa. Al'adar nan ta shanya mataccen batir a rana ba caji ba ne, zafi ne kawai ke ɗan zaburar da ragowar sinadarin ciki na ɗan lokaci. A damina kuwa yana da kyau ko sau ɗaya a wata a cire batirin a cika shi sosai da cajar da ta dace, ko a wurin masu cajin waya ne ranar kasuwa.

Abin da fitila ba za ta yi ba

Mai hankali zai iya cewa manyan haɗurran da suka girgiza yankin ba rashin fitila ne ya jawo su ba, kuma ya yi gaskiya. Jirgin da ya tarwatse kusa da Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski ranar Laraba 26 ga Mayu, 2021, ɗauke da mutane sama da 150, da rana abin ya faru, lodi ne ya fi ƙarfinsa. Wanda ya kife a yankin Patigi ta Jihar Kwara a watan Yuni na 2023 da 'yan biki, aka rasa sama da mutum 100, da dare ne, haka ma na Gbajibo a Jihar Neja ranar 1 ga Oktoba, 2024, amma fitila a kan gora ba ta rage lodi, ba ta kuma nuna itacen da ke ƙarƙashin ruwa. Hukumar NIWA ta hana jigilar fasinja da dare, kuma babu wata fitila da ke halatta abin da aka hana. Sai dai masunci ba fasinja ba ne. Sana'arsa ta dare ce tun kaka da kakanni, kuma karon da ake yi da ƙaramin kwalekwale mai mutum biyu ba ya kaiwa ga jarida.

Wani kuma zai ce a zamanin da tsaro ya taɓarɓare, mutum ba ya son a san inda yake da dare, ko kuma yana gudun ɓarayin taru. Wannan ma magana ce, ba a raina ta. Amsarta ita ce a sa wa fitilar makunni, mai jirgi ya kashe in ya shige lungun da inji ba ya bi, ya kunna in yana kan hanyar jirage. Wanda fitilarsa ta mutu tun tsakar dare ba shi da wannan zaɓi. Maganar tsada kuwa, gaskiya ne faranti mai wat 10 da batir mai fosfet sun fi fitilar lambu kuɗi nesa ba kusa ba. Amma a kwatanta da kuɗin taru guda da farfelar inji ta yayyaga, ko da kuɗin busassun batura na shekara biyar. Farantin kuma zai caja wayar gidan da rana.

Aikin makaranta da na hukuma

Mai jirgi ba shi da hanyar gane batirin ƙwarai a kasuwa, amma ɗakin gwaje-gwaje na kowace sakandare a Yelwa ko Wara ko Shanga yana da ita. Abin da ake bukata shi ne mitar awon wuta, da ma'aunin nauyi, da agogo. A cika batir, a haɗa shi da ƙwan da aka auna yawan wutar da yake ja, a riƙa rubuta bolt kowane rabin awa har ya sauka zuwa 1.0 ga na nikel, ko 3.0 ga mai 3.7, ko 2.5 ga mai fosfet. Miliamfiya sau awa, an sami lambar gaskiya, sai a ajiye ta kusa da ta jikin kwali. Ɗalibai za su ga da idonsu cewa bolt na batirin nikel yakan tsaya kusan wuri guda har dab da ƙarewa, shi ya sa ɗora mita a kansa sau ɗaya a bakin kanti ba ya nuna kome. Ajin da ya gwada samfuri goma da ake sayarwa a kasuwar Yawuri, ya rubuta sakamakon da Hausa a babban kwali ya kai wa Sarkin Ruwa da ƙungiyar masu jirage, ya yi darasin lantarki na zango guda, ya kuma yi wa iyayensa aiki.

Cibiyar Binciken Makamashi da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana aiki a kan hasken rana, cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Busa kuma ta san masuntan tafkin tun kafuwarsa. Bai fi ƙarfinsu ba su fitar da tsari guda na fitilar jirgi da mai gyaran rediyo zai iya haɗawa da kayan da ke kasuwa. Hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, HYPPADEC, ta raba rigunan ceto a garuruwan gaɓa, kuma ya dace fitila ta bi riga, da sharaɗin a auna ta tukuna a ga ta kai asuba dare biyu a jere ba tare da rana ba.

Saura matattun batura. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar a ƙasar Senegal, yara 18 ne suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda gubar dalma daga fasa tsofaffin baturan mota a cikin gidaje. Jihar Zamfara ma ta ga abin da dalma ke yi a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya ta kashe yara wajen 400. Masunta a wurare da yawa sukan narka dalmar tsohon batir su yi wa taru nauyi, a tsakar gida, kusa da tukunyar abinci. Kowane babban mashigi yana bukatar rufaffen duro guda a hannun ƙungiyar masu jirage: na dalma a mayar wa dillali a rage kuɗin sabo, ƙananan kuma a naɗe bakunansu da salatif kafin a jefa su ciki, a ajiye duron a inuwa, nesa da inda ake sayar da fetur.